Jinyar Masu Matsananciyar Ƙiba a Asibiti



Da farko muna miƙa godiya ga shugabannin wannan ƙungiya tamu da suka ba mu wannan lokaci, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu ilmi da shekaru da sanin aikin asibiti. Abin da za mu yi magana a kansa shi ne yadda ake jinyar mutumin da ƙiba ta yi wa yawa ƙwarai, sa'ad da ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan taro muka ji wasu abokanmu suna raha, suna cewa a ƙasar da yara ke fama da tamowa, wa ke da sukunin zama sauraron zancen ƙiba? Tambayar ba ta banza ba ce, saboda haka da ita za mu fara.

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar jama'ar Nijeriya. Binciken ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Amma a cikin wannan bincike dai aka ga cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko kuwa suna da ƙiba. Watau yunwa da ƙiba suna zaune gari ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya. A duniya baki ɗaya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da ƙiba, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Duk inda aka sami wannan yawa, to, lalle wasu daga cikinsu za su kwanta asibiti, ko don haihuwa, ko don karaya, ko don tiyata, kamar kowa.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan al'amari ba a littafi muka fara ganinsa ba. A hutun da ya wuce mun yi kwana goma sha biyu muna zaman jinyar gwaggonmu a sashen mata na wani asibiti. Ran nan bayan sallar isha'i sai aka kawo wata baiwar Allah mai kimanin shekara hamsin, mai sayar da atamfofi, ƙafarta ta dama ta kumbura har tana wari, ga kuma ciwon sukari. Aka turo keken marasa lafiya, ƙugunta ya ƙi shiga. Sai 'ya'yanta maza uku da direban da ya kawo su suka ɗauko ta a cikin bargo, suna nishi, jama'a na kallo. Da aka zo awon nauyi aka tallafa mata ta hau sikeli, allurar sikelin ta tafi ƙarshenta, watau kilo 120, ta tsaya. Wata daga cikin masu zaman jinya ta ce sai dai a kai ta sikelin 'yan hatsi. Aka yi dariya. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ce uffan ba. A katinta aka rubuta nauyi na kintace.

Can tsakar dare wata dattijuwar nas ta zo ta ja labule, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Hajiya, sannu da jiki. Yaushe ciwon nan ya fara?" Ta ce, "Wata huɗu ke nan, Sista." Nas ta ce, "To, me ya hana ki zuwa da wuri?" Ta amsa, "Zuwan da na yi na ƙarshe, abin da kika gani ɗazu shi aka yi mini. Shi ya sa na ce gara in yi ta sa magani a ɗakina." Wannan jinkiri na wata huɗu ya ci mata yatsun ƙafa biyu. A kwanakin da suka biyo baya, nas ɗin nan da abokiyar aikinta ɗaya tak su ne ke juya ta da dare, kuma kafin a sallame mu mun ga Sista tana tafiya tana dafe ƙugu.

Jama'a, mutum biyu suka cutu a wannan ɗaki, mai ciwo da mai kula da ita, kuma babu wanda ya tashi da niyyar mugunta. Abin da ya faru shi ne asibitin bai yi shirin karɓar mai irin wannan jiki ba. Shiri kuwa a ofis ake yin sa, da alƙalami, kuma nan da 'yan shekaru alƙalamin zai zo hannun waɗanda ke zaune a nan. Wasunku ma sun riga sun karɓe shi.

Mece Ce Matsananciyar Ƙiba?

Masana lafiya suna da wani lissafi mai sauƙi. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita sau tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙirƙiro wannan awo a ƙarni na 19, sa'an nan Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da likitoci ke taƙaitawa da BMI a shekarar 1972. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, in lissafin ya kai 25 nauyi ya wuce kima, in ya kai 30 an shiga ƙiba, in kuwa ya kai 40 to ƙibar ta tsananta. Misali, macen da tsawonta mita 1.6 ne, in ta haura kilo 102 ta shiga wannan aji na ƙarshe. Namiji mai tsawon mita 1.7 kuwa sai ya kai kimanin kilo 116. Lissafin yana da nakasu, domin ba ya bambanta tsoka da kitse, amma yana da amfani wajen sanar da ma'aikatan jinya irin shirin da za su yi.

Wajibi ne kuma mu kawar da wani zato da ya zauna a zukatan mutane, cewa duk mai irin wannan ƙiba haɗama da lalaci ne suka kai shi. Haƙiƙa abinci da rashin motsa jiki suna da hannu, musamman a zaman birni inda mai da sukari da lemon kwalba suka wadata, tafiyar ƙasa kuma ta ragu. Amma akwai gado. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller a birnin New York suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo game da yunwa da ƙoshi. Tun daga nan aka ƙara fahimtar cewa jiki yana da nasa ma'auni, kuma yakan yi gardama da mai son rage nauyi, ta hanyar ƙara masa yunwa da rage ƙona abinci. Akwai kuma magungunan da ke sa ƙiba, irin su deksametazon, wanda wasu 'yan'uwanmu mata ke saye ba da izinin likita ba don su ciko. A nan ne al'adarmu take da abin dubawa: mu ne ke yaba wa amarya in ta yi ƙiba, mu ce hutu ya karɓe ta, mu ne kuma ke yi mata dariya ranar da abin ya wuce gona da iri. A shekarar 2013 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince cewa ƙiba cuta ce. Mai cuta kuwa magani ya zo nema asibiti.

Kayan Aiki da Ɗaga Majinyaci

Gadon asibiti na yau da kullum faɗinsa kimanin santimita 90 ne. Mai matsananciyar ƙiba in ya kwanta a kansa yakan cika shi daga baki zuwa baki, ba shi da wurin juyawa, ƙarafunan gefe kuma suna matse masa cinya. Kowane gado, da kowane keken marasa lafiya, da gadon tiyata, yana da iyakar nauyin da maƙeransa suka ƙayyade, amma sau da yawa ma'aikatan da ke amfani da su ba su san wannan iyaka ba sai ranar da ƙafar kujera ta karye. Hatta injin ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira CT, ƙofarsa a yawancin injina kimanin santimita 70 ce, saboda haka akwai wanda likita zai so a yi wa hoto amma jikinsa ya hana.

Babban nauyi kuwa yana kan ma'aikatan jinya, domin su ne ke ɗagawa da juyawa da wankewa dare da rana. A shekarar 2007 Thomas Waters, wani mai bincike a cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka, ya ba da shawarar kada ma'aikacin jinya ya ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 16 na jikin majinyaci da hannu. Ku lura, jarkar ruwa mai lita 20 ta fi wannan nauyi. Ƙafar mutum ɗaya, daga cinya zuwa tafi, takan kai kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyin jikinsa. Ke nan in majinyaciya tana da kilo 130, ɗaga ƙafarta ɗaya don a wanke gyambo ya haura kilo 20, ya riga ya wuce iyaka, balle a ce mata biyu su juya ta gaba ɗaya sau da yawa a dare guda. A Ingila tun 1992 aka kafa dokar da ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su guje wa sa su ɗaga kaya masu haɗari da hannu in akwai wata hanya, shi ya sa asibitocinsu ke amfani da injin ɗaga majinyaci da wani zane mai santsi da ake zamar da shi a kai.

To, inda babu inji fa? Akwai ƙa'idodin da ba su bukatar kuɗi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka kafin a taɓa majinyaci sai a tara isassun mutane, mutum ɗaya ya zama shi ke ba da umurni, kowa ya san inda zai kama. A ɗaga gado ya kai daidai ƙugun ma'aikata in gadon mai ɗaguwa ne. A yi amfani da zanin gado mai ƙarfi wajen juyawa, kada a ja mutum ta hammata, domin hakan na iya gurɗe masa kafaɗa. In ya tashi faɗuwa, kada nas ta yi ƙoƙarin tare shi da jikinta, sai dai ta kare masa kai a bi da shi ƙasa sannu a hankali. Mafi muhimmanci kuma, a tambaye shi yadda yake tashi a gida, ta wane gefe yake saukowa, me yake dafawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan tambaya ita Sista ta yi wa Hajiya washegari, kuma amsar da ta samu ta rage musu rabin wahala.

Fata

Mutumin da ya daɗe kwance wuri ɗaya, nauyin jikinsa yakan danne ƙananan hanyoyin jini na fata har jini ya daina kaiwa, naman wurin ya mutu ya zama gyambo. Ɓarnar tana iya farawa cikin 'yan sa'o'i. An saba ganin irin wannan gyambo a ƙasan gadon baya da duga-dugai, amma ga mai ƙiba yana fitowa a wuraren da ido ba ya zuwa: inda ƙarfen gado ya matse, ko inda robar fitsari ta shige cikin ninkin fata aka manta da ita. A shekarar 1987 wasu malaman jinya biyu na Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da wani ma'auni na gane wanda ke cikin haɗarin wannan gyambo. Yana duba abubuwa shida: jin zafi ko matsi, danshin fata, yawan tashi, iya motsi a kan gado, cin abinci, da gogayyar fata da shimfiɗa. Maki yana kamawa daga 6 zuwa 23, kuma iyakar ƙarancinsa iyakar girman haɗari. Takarda da fensir kawai ake bukata. Al'adar jinya kuma ita ce a riƙa juya wanda ba ya iya juya kansa kamar kowace sa'a biyu.

Bugu da ƙari akwai ninkin fata, watau ƙasan ciki, da ƙasan nono, da matsematsi, da hammata. A zafin ƙasarmu, musamman a bazara, zufa takan taru a waɗannan wurare, fata ta jiƙe ta yi ja ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su samu gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin nas ne ta buɗe kowane ninki kullum, ta wanke da ruwa da sabulu mara kaifi, ta tsane shi sarai ba tare da gurzawa ba, ta sa tsumma mai laushi a tsakani. Ba a cika wurin da hoda, domin takan dunƙule da zufa ta ƙara ɓarna. Bayan tiyata kuma, kamar ta ciro jariri, ɗinki yakan yi jinkirin warkewa saboda kitse ba shi da yawan hanyoyin jini, kuma nauyin ciki yana jan bakin ɗinkin.

A nan akwai wani kuskure da dangi kan yi, har da wasu ma'aikata. Sai ka ji an ce a rage masa abinci, ai yana da ajiya. Mutum yana iya zama mai ƙiba alhali jikinsa na fama da ƙarancin abin gina tsoka, kuma gyambo ba ya warkewa sai da wannan abin ginin. Saboda haka wake da ƙwai da kifi da nono suna da wuri a kwanon majinyacin nan, bisa shawarar likita da masanin abinci. Maganar rage nauyi tana da lokacinta, bayan an samu sauƙi.

Numfashi da Gudan Jini

In mai matsananciyar ƙiba ya kwanta rigingine, nauyin ciki yakan tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, huhu ya takure, numfashi ya yi wuya. Shi ya sa ake ɗaga masa kan gado kamar digiri 30 zuwa 45, ko a tara masa matasai daga baya har kafaɗu. Da yawansu kuma suna da wata larura wadda maƙogwaro ke toshewa cikin barci, sai ka ji minshari mai ƙarfi, sa'an nan shiru na 'yan daƙiƙu, sa'an nan mutum ya zabura ya ja iska. Masu zaman jinya sukan ɗauka barci ne mai daɗi, alhali numfashi ne ke ɗaukewa. Haɗarin yana ƙaruwa in an ba shi maganin barci ko maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin, domin suna rage ƙarfin numfashi. Saboda haka nas mai aikin dare ba ta wuce irin wannan gado ba tare da ta tsaya ta saurara ba, ta kuma duba ɗan abin da ake maƙala wa yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. A shekarar 1981 wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya bayyana wata na'ura mai hura iska ta hanci don ta buɗe maƙogwaro lokacin barci, kuma har yau ita ce babbar hanyar magance wannan larura.

Haɗari na biyu shi ne daskarewar jini. Doguwar kwanciya tana sa jini ya yi guda a manyan jijiyoyin ƙafa, ƙiba kuma tana ƙara yiwuwar hakan. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana iya cikawa nan take, bayan kowa ya ɗauka ya samu sauƙi. Rigakafinsa shi ne a tayar da majinyaci ya zauna ya taka da zarar likita ya yarda, ya riƙa motsa idon sawu yana kwance, a kuma yi masa allurar tsinka jini irin ta hefarin in an rubuta. Kumburin ƙafa ɗaya da zafi, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, alamu ne da ba a jira wayewar gari a kansu. Ku duba yadda abubuwan ke haɗe: in babu isassun hannuwa ba za a tayar da shi ba, in ba a tayar da shi ba gyambo da gudan jini su biyo baya.

Awo da Magani

Nauyin kintace da aka rubuta wa Hajiya ba ƙaramin abu ba ne, domin magunguna da yawa da nauyin jiki ake lissafa su. Wasu ana bin nauyin mutum na zahiri, wasu kuwa nauyin da ya dace da tsawonsa, saboda akwai maganin da ke shiga kitse akwai wanda ba ya shiga. In an yi ƙasa da kima magani ba zai yi aiki ba, in an zarce ya zama guba. Haka kuma allurar da aka nufa da tsoka, in tsininta gajere ne sai ta tsaya a cikin kitse, maganin bai kai inda ake so ba. Neman jijiya don ƙarin ruwa shi ma yakan yi wuya, a yi ta sukar mutum har ya gaji, shi ya sa ya kamata a kira wanda ya fi ƙwarewa tun da wuri. Awon hawan jini kuwa, ɗamarar da ake naɗawa a damtse in ta yi ƙanƙanta takan nuna jini ya hau fiye da gaskiya. Ƙa'ida ita ce jakar iskar da ke cikinta ta zagaye kimanin kashi 80 cikin 100 na damtsen. Rashin babbar ɗamara guda ɗaya yana iya sa a ɗora mutum kan maganin da bai bukata.

Harshe da Mutunci

Mun bar wannan a baya ne domin shi ya fi sauƙin gyarawa, shi ne kuma ya fi yi wa Hajiya ɓarna. A shekarar 2020 wasu masana daga ƙasashe daban-daban suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine, inda suka nuna cewa tsangwamar masu ƙiba tana cutar da lafiyarsu, tana kuma hana su neman magani. Magana zarar bunu ce. Raha guda a bakin sikeli tana iya tsare mutum a ɗaka har ciwo ya ci ƙarfinsa. Akwai kuma wata illa ta ɓoye, ita ce a ɗora kowane koke a kan ƙiba. Mutum ya zo da ciwon ciki ko gajiya a ce masa ya je ya rage teɓa, alhali wata cuta ce daban take ci a ƙarƙashi.

Kiyaye mutunci abubuwa ne ƙanana. A auna nauyi a keɓe, a rubuta ba tare da shela ba. A ja labule kafin a buɗe jiki. A tanadi rigar asibiti wadda za ta rufe shi, domin babu wulaƙancin da ya kai a tura dattijo ɗakin tiyata bayansa a waje. In mace ce, a nemi mata su yi juyin, in kuwa dole sai da maza, a gaya mata tukuna, a rufe duk inda ba a aiki a kai. A kira mutum da sunansa ko da Baba, ko Mama, ko Malam, ko Hajiya, kada ma'aikata su riƙa kwatanta shi da girman jikinsa ko da a tsakaninsu ne, domin kunnen majinyaci yana ji ta bayan labule. Mu kuma masu zuwa dubiya mu kama bakinmu, tun da dai dariyar daren nan daga cikinmu ta fito.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Muna sane da halin da asibitocinmu ke ciki. Kuɗi sun yi kaɗan, ma'aikatan jinya sun yi kaɗan, kuma da yawa daga cikin ƙwararrunsu suna tafiya ƙasashen waje neman abin da ya fi. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa bai kamata mu bar waɗanda suka tsaya su nakasa bayansu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka muna kira ga waɗanda ke aiki, ko za su yi aiki, a ma'aikatun lafiya da hukumomin kula da asibitoci da ofisoshin sayen kaya da na gine-gine, su riƙa tunawa da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, kowane babban asibiti ya mallaki ko da gado ɗaya ne mai faɗi da ƙarfi a sashen maza, ɗaya a na mata, ɗaya a na haihuwa, tare da keke mai faɗi da sikelin da ke kai kilo 250 ko fiye. Na biyu, a sayi ƙananan kayan da ba su da tsada, watau manyan ɗamarun awon jini, da dogayen allurai, da zanen zamarwa. Manyan riguna kuwa telan bakin asibiti ma zai ɗinka su. Na uku, a rubuta iyakar nauyin kowane gado da kujera a jikinsa, a wurin da ma'aikaci zai gani. Na huɗu, in ana zanen sabon gini a faɗaɗa ƙofofin ɗakuna da na makewayi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a kuma tanadi wurin kwantar da irin wannan majinyaci a ƙasa, domin ranar gobara ko ɗaukewar lantarki ba za a iya sauko da shi daga bene ba. Na biyar, mai tsara jadawalin aiki ya ƙidaya majinyaci mai bukatar hannu huɗu a matsayin mai bukatar hannu huɗu, dare da rana. Na shida, muna roƙon Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979, da makarantun da ke ƙarƙashinta, su ba koyar da dabarun ɗaga majinyaci da ladabin magana da shi muhimmancin da ya dace.

Ranar 4 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da matsalar ƙiba a duniya. Muna ba wannan ƙungiya tamu shawara ta yi amfani da ranar, ta tara ɗan abin da ya sawwaƙa daga aljihunmu, a sayi babbar ɗamarar awon jini da sikeli mai ƙarfi a kai asibitin da ya fi kusa da mu. Abu ne da ba zai fi ƙarfin ɗalibai ba.

An sallami Hajiya bayan mun bar asibitin, kuma mun ji tana takawa da sanda. Ko za ta koma a duba ta a kan lokaci, wannan ya danganta da irin tarbar da za ta samu a bakin ƙofa. Kowannenmu yana da uwa, ko gwaggo, ko kawu mai irin wannan jiki, kuma babu wanda ya san yadda nasa jikin zai zama bayan shekara ashirin na zaman kujerar ofis.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata. Inda muka yi daidai Allah ya amfanar da mu, inda muka yi kuskure kuma muna roƙon malamanmu da ma'aikatan jinya da ke wurin nan su gyara mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kula da su da alheri.